Butar da Na Taka a Gidimuni

Ƙarar ashana ce a cikin kwalinta. Caka, caka, sai shiru, sai kuma caka. Ina tsakar gida bayan la'asar ina tsintar wake a faifai, ƙarar kuwa daga rumfa take fitowa, inda ƴata Fanna ta baje takardunta a tabarma. Shekarar ce ta shiga lise, babbar sakandare. Na ɗaga murya na ce wa ke min wasa da ashana a gidan nan, sai ta ce karatu take. Na ce tun da nake ban taɓa jin karatun da ake yi da ashana ba, na ajiye faifan na tafi in karɓe kayana. Na tarar ta jera kwali biyu a kan tiren shayin babanku, ɗaya kusa da ɗaya, ta ɗora ƙwayar gyaɗa a kan na hagu, tana tura na dama da yatsa a hankali. Daga wannan ƙarar komai ya faro. Ina rubuta muku ne ku shida, amma musamman kai Abba, babban ɗana, da har yau kake cewa a bayan idona wai Iya ta raba dangi saboda wasan ashana. Labari ya zo min, ba sau ɗaya ba. To zauna ka karanta, ba da ashana aka fara ba, an fara ne shekara goma sha shida kafin nan, a tashar Gidimuni.

Ranar kasuwa ce. Na je suna a gidan ƴar'uwar mahaifiyata, zan komo Damagaram, Fanna tana goye, watanta takwas. Motar da na shiga ƙaramar bas ce ta wani direba mutumin Hamdara, Malam Isufu, dogo, marar yawan magana, ban san shi ba sai a ranar. Ba ta cika ba aka kira azahar, fasinjoji suka sauka duka, shi ma ya kashe mota ya bi su masallaci. Ni ina fashin salla, sai na zauna. Fanna ta ɓata min zane, na sauko da butata na wanke a bakin ƙofar motar, na ajiye butar nan a ƙasa daidai inda ake taka ƙafa, na koma ciki na ja ƙofa. Na rataya mayafina a tagar wajen ƙofa don kada masu wucewa su gan ni, na juya wa ƙofar baya, na ba ta nono. Abin da ke gabana kawai shi ne tagogin ɗaya gefen, su kuwa katakon jikin wani kamyo, babbar motar kaya, ya cika su daga sama har ƙasa, don an faka shi daf da mu ana masa lodin rake. Kamyon na Alhaji Bukar ne, baffan babanku, wanda kai Abba ka ci sunansa. Injinsa a kunne yake tun da muka zo, don in ya mutu sai an tara mutane an tura, rurinsa har cikin kujerata nake ji. A tsakanin motocin biyu, ta can baya, wata tsohuwa mai dafaffiyar gyaɗa ta sami inuwa ta miƙe ƙafa. Dije sunanta. Na sayi gyaɗarta da na iso, ta yi wa Fanna wasa, ta ce kishiyarta ce.

Ina kallon fuskar yarinya, na ɗago kai, sai na ga katakon nan yana zamewa gaba. Na ji a jikina, wallahi na ji, motarmu tana sulalewa baya ba direba. Na ƙanƙame Fanna na ƙwalla ihu da duk ƙarfina, motarmu na tafiya, motarmu na tafiya baya, ku taimaka! A cikin ihuna na ji wani ihun da ya fi nawa. Na fizge ƙofa na diro, ƙafata ta faɗa kan butar, ta fashe, ruwa ya jiƙa min zane. Mutane suka fito daga sahu da gudu. Aka tarar da Dije kwance a kusurwar bayan motarmu, ƙafarta a niƙe daga gwiwa zuwa ƙasa. Kowa ya ji abin da na faɗa. Kafin Malam Isufu ya iso daga masallaci, ba takalmi a ƙafarsa, kasuwa ta riga ta yanke masa hukunci da bakina. Aka tambaye shi ko ya tokare taya da dutse, ya ce bai tokare ba, wurin shimfiɗaɗɗe ne kuma ya bar ta a giya. Da wannan gaskiyar tasa aka ɗaure shi. Dije ta yi kwana huɗu a asibiti ta cika.

Ni kaɗai ce shaida. Da maganar ta je gaban alƙali, Malam Isufu ya ce bai yarda motarsa ta motsa ba, aka ce sai na rantse da Alƙur'ani. Ba ni da tsarki, sai aka jira ni. Waɗannan kwanakin jiran su ne har yau in na tuna nake jin jinina yana tafasa. Matan gidan Alhaji Bukar, waɗanda tun da aka kawo ni ba su taɓa zama a tabarmata ya wuce na gaisuwa ba, suka mai da ɗakina wurin yini. Da fura, da turaren wuta, da ƴar riga ga Fanna. Suna ta yabona a kunnena. Wai Falmata ai ƴar lakwal ce, ƴar boko, ta yi kolej, ba irin matan ƙauye da za a rikita ba. Wai Falmata tun tana budurwa ba a taɓa kama ta da ƙarya ba, azumin Litinin da Alhamis ba ya wuce ta. Ni kuwa, Allah ya yafe min, abin ya yi min daɗi. Alhaji da kansa ya zo zaure ya sa aka kira ni.

"Ƴata, ba mu ce ki ƙara ba, ba mu ce ki rage ba. Abin da idonki ya gani, shi za ki faɗa. Mu dai gaskiya muke so."

Na yi wanka, na yi alwala, na dafa Littafin Allah, na ce na ga motarmu ta tafi baya kuma na ji a jikina. Na ba da labarin tun daga wankin zane har fashewar buta, ban bar komai ba. Malam Isufu yana zaune a ƙasa. Ya ɗaga hannu ya ce yana da tambaya ɗaya ga baiwar Allah.

"Malama, da kika ga tana tafiya, me kika duba? Kin dubi ƙasa? Kin dubi icce?"

Kafin in buɗe baki zauren ya ɗauki hayaniya. Wani daga cikin mutanen Alhaji ya ce mace ta dafa Alƙur'ani kana mata tambayar icce, kai wane irin mutum ne. Aka zaunar da shi. Alƙali ya yi hukunci da abin da aka ajiye a gabansa, ban ga laifinsa ba. Aka karɓe wa Malam Isufu permi, takardar izinin tuƙi, ya yi zaman kaso, da ya fito bai sake riƙe sitiyari ba. Ni na komo gida da hankalina kwance. Shekara goma sha shida ina ba da labarin nan a gidajen suna da na biki, ku duka kun ji shi har kun haddace, har kuna kwaikwayona in na zo wurin da na ce na diro na taka buta.

To mu koma kan tiren shayi. Na ce wa Fanna gyaɗar nan fa ta mece ce, ta ce mutum ne zaune cikin mota. Ta ce malaminsu na kimiyyar fizik ya ce babu abin da za a ce yana tafiya haka kawai, sai an faɗi da me aka gwada shi. Wanda ke zaune a mota, in ka gwada shi da kujerarsa bai motsa ba, in ka gwada shi da iccen bakin hanya gudu yake, kuma duka biyun gaskiya ne. Na ce wannan ai mun yi shi a kolej, da hoton jiragen ƙasa biyu a tasha. Na tuna hoton sarai. Jirgin ƙasa, abin da ni da malamin da duk ajin ba wanda ya taɓa sa shi a ido. Mun haddace da Faransanci, mun zuba a takarda ranar jarrabawa, mun bar shi a can. Ta ce su malaminsu da motocin tasha ya yi musu misali. Ta tura kwalin dama gaba, caka.

"Iya, kin ga mai gyaɗar nan. In ba ya ganin komai sai jikin wannan motar, ta yi gaba, shi zai ga kamar tasa ce ta yi baya. Har a jikinsa zai ji. Malam ya ce ba ruwan wayo ko rashin wayo, ido ne ba shi da abin da zai kama. Sai ya sami wani abu da ya tabbata a ƙasa yake, kamar icce ko bango."

Na ce to, Allah ya ba da sa'a, na miƙa hannu zan ɗauki ashanata. Ba ta sake ta ba. Tana kallon tiren, ba ta kallona, ta yi magana a hankali kamar mai tsoron abin da ke fitowa daga bakinta.

"Iya, butar nan taki ta Gidimuni. A cikin mota kika ajiye ta ko a ƙasa?"

"A ƙasa mana. Sau nawa kika ji?"

"A bakin ƙofa?"

"A bakin ƙofa."

"To in motar ta tafi baya har ta taka mutum, yaya aka yi butar ta bi ki?"

Ban san lokacin da na zauna ba. Na ji sanyin ruwan nan a ƙafata kamar yanzu ya zubo. Buta ba ta da taya. Inda na ajiye ta nan na same ta, daidai ƙarƙashin ƙofa, ko taki ɗaya ƙofar ba ta gusa daga gare ta ba. Motarmu ba ta motsa ba. Kamyon ne ya yi gaba, tayarsa ta baya ta bi ta kan ƙafar Dije. Shaidar da za ta wanke bawan Allah tana cikin bakina tun ranar farko, na faɗe ta a gaban alƙali da hannuna kan Alƙur'ani, na yi ta yawo da ita gida gida ana dariya, ban ji ta ba. Waken da na bari a faifai kaji suka watsar. Fanna ta fara kuka tana cewa Iya ki yi haƙuri, ba da nufi na faɗa ba. Na ce ke kuma haƙurin me za ki ba ni.

Babanku ya dawo daga kasuwa gab da magariba. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, shekara arba'in da ɗaya na yi da shi bai taɓa ɗaga min hannu ba, kuma ba na rubuta wannan don in rage shi a idonku. Amma abin da ya faru zan faɗa. Na kai masa ruwa, na durƙusa, na ce Malam, na halaka, na zayyana masa ashana da gyaɗa da buta. Ina jiran ya zabura, ya yi salati, ya ce ba zai yiwu ba. Bai zabura ba. Ya sha ruwansa, ya ajiye kofi, ya dubi bango.

"Falmata, rantsuwar da mutum ya yi bisa abin da ya yarda gaskiya ne ba ta da zunubi. Ko kaffara babu. Na tambayi malamai."

"Ka tambayi malamai? Yaushe?"

Ya sake ɗaukar kofin da ya ajiye.

"Malam, yaushe ka tambaye su? Ni yau da la'asar na sani."

A nan ya faɗa min. Mamadu ne, ɗan Alhaji Bukar, a lokacin saurayi ne, ko permi bai yi ba. Bai je salla ba, ya hau kamyon ya matsa da shi kusa da tarin rake. Ya ji ihu, ya taka birki, ya diro ta ɗaya gefen ya shiga cikin masu gudu. A ranar ya faɗa wa ubansa, uban ya kira babanku da sauran maza uku na gidan. Suka ga Allah ya kawo musu mace mai tsoron Allah da ta yi ihun abin da suke so tun ba su roƙe ta ba. Ba su sa ni ƙarya ba. Wannan ne abin da babanku ya yi ta maimaitawa, ba wanda ya sa ki ƙarya. Haka ne. Da sun ce in yi ƙarya da na ƙi, kuma sun san zan ƙi. Sai suka bar ni da gaskiyata, suka kewaye ta da fura da turare, suka kai ni gaban Littafin Allah kamar akuyar da aka yi wa wanka za a kai kasuwa. Sallata da azumina da takardar kolej ɗina, duk abin da nake taƙama da shi a gaban Ubangiji da mutane, shi suka ara suka rufe ɗansu. Su ba su dafa ba. Ko ɗaya daga cikinsu bai dafa Alƙur'ani ba, hannuna suka aika.

Na ce masa shekara goma sha shida kana kwana kana tashi da ni, ina ba da labarin buta kana zaune kana murmushi. Ya ce yana tsoron abin da sanin zai yi min. Na yarda har da wannan a ciki. Amma akwai tsoron baffansa, wanda ya riƙe shi tun yana maraya, ya kuma ba shi rumfa a kasuwa. Na ce shi Malam Isufu ba shi da mai jin tsoro dominsa? Ba shi da mata da ƴaƴa? Ya ce abin ya wuce, Alhaji ya rasu, alƙalin ya rasu, takardun ma ƙila gara ta cinye. Na ce Malam Isufu fa, ya rasu? Ya ce yana nan Hamdara. Ashe har wannan ya sani.

Wata biyu na yi ina juya abin. Na bar zuwa biki. In na ɗauki Alƙur'ani zan yi tilawa sai in ga tafin hannuna a kan bangonsa in kasa buɗewa. Na je wurin malamar islamiyyarmu, ban kama suna ba, ta ce abin da babanku ya faɗa daidai ne a tsakanina da Allah, amma haƙƙin mutum yana nan sai mai shi ya yafe, kuma wanda ya ɓata suna a bainar jama'a a bainar jama'a zai gyara. Na aika wa Mamadu, wanda a lokacin ya zama Alhaji Mamadu, babban gidan, cewa ina son ya je da ƙafarsa, ni in bi shi a baya. Ya zo, ya zauna a zauren nan da ubansa ya zauna, da babbar riga da carbi.

"Ya Falmata, ke da nake ɗauka uwa. Yarinya ta zo da tatsuniyar lakwal, ke kuma ki ɗauka ki rusa gida? Ido ya gani, baki ya rantse, shari'a ta yanke. Yanzu buta ce za ta tashi ta yi magana?"

"Buta ta yi maganarta tun tuni, Mamadu. Kai nake jira."

"Ni ban san komai ba."

"To dafa. Ga shi can a kan kanta, in ɗauko maka?"

Ya tashi ya kaɗe riga. A bakin ƙofa ya ce wa babanku ya ja wa matarsa kunne, tsufa ya fara taɓa ta. Shekarata arba'in da huɗu a lokacin.

Ranar wata Alhamis na yi shiri, na je gaban babanku na ce tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa taka ƙofar waje ba da izninka ba, yau ma shi nake nema, Hamdara za ni. Ya ce bai sa ni ba, bai hana ni ba. Na ce na ji. Ina sa takalmi ya kira Fanna ya ce ta raka uwarta, rana ta yi zafi. Iyakar abin da ya iya ke nan, kuma na riƙe masa shi har yau. A tasha muna zaune ana jiran mota ta cika, ta kusa da mu ta tashi, na sake jin tamu tana sulalewa baya kamar wancan karon, na damƙe kujera. Fanna ta kama hannuna ta nuna min iccen bedi ta ɗaya tagar. Yana nan inda yake. Na yi ta kallonsa hawaye na zuba har muka tashi. Abin da Malam Isufu ya tambaye ni ke nan, kin dubi icce.

Na same shi a ƙofar gidansa yana gyaran ƙotar hauya, ya tsufa fiye da shekarunsa, yanar ido ta fara rufe masa ɗaya. Na faɗi sunana. Ya ce ya gane muryar, ita ce ya ji daga sahu na biyu. Na durƙusa a ƙasa na faɗa masa duka. Bai katse ni ba, bai daina fiƙe ƙotar ba.

"Na ga butar," ya ce. "Da suka riƙe ni ina kallonta, a fashe, a bakin ƙofa. Da kika faɗe ta a gaban alƙali na ce Alhamdu lillahi, ta wanke ni da bakinta. Sai na ga ba wanda ya ji. Ita zan tambaye ki bayan icce, ba a bar ni ba."

Na ce ya yafe min don Allah. Ya ce ni tun yana kaso ya yafe min, don ya ga tsoron da ke idona a tasha, ba na maƙaryaci ba ne. Su kuwa masu kamyo, ya bar su da Wanda ba ya barci. Matarsa tana tsaye a bakin zana, ba ta ba ni ruwa ba, ba ta amsa gaisuwata ba, kuma da ni ce ita ko cikin gidan ba zan bar ni in leƙa ba. Ita ce ta ce yafiyar ƙofar gida ba ta da amfani. Ta ce a garin nan ba a ce Isufu direba, sai dai Isufu mai tsohuwa, da sunan aka aurar da ƴaƴansu, da shi ake tsokanar jikokinsu a rijiya. In da gaske nake, gobe Juma'a, in kwana in faɗa a inda ake faɗa musu.

Na kwana. Bayan an sauko masallaci mai gari ya sa aka tsaya a ƙofar gidansa. Liman ya ce in faɗa masa shi ya isar, kamar yadda aka saba da mata. Na ce ya gafarce ni, ranar da na yi ihun ba wanda ya isar min, da muryata na ɓata da ita zan gyara. Na ari buta a masallaci. Na ajiye ta a ƙasa, na tsaya a kanta, na ja da baya taki uku, na ce jama'a, ta biyo ni? Wani tsoho ya ce ina fa. Na ce to ranar a ƙarƙashin ƙafata na same ta. Na faɗi abin da na gani, na faɗi dalilin da ido ya yaudare ni, na faɗi wanda ke kan kamyon da sunansa da sunan ubansa. Ba a yi kabbara ba, ba a yi tafi ba. Mutane suka yi ta kallon ƙasa. Wasu tsofaffi suka je suka ba Malam Isufu hannu ɗaya bayan ɗaya, yana zaune, bai tashi ba.

Sauran kun sani, don a kanku ya faɗa. Kafin in iso Damagaram labari ya riga ni. Gidan Alhaji suka rufe mana ƙofa, ba suna, ba biki, ba gaisuwar Salla. Kai Abba aka sallame ka daga shagon da ka tashi a cikinsa, ƴan'uwan da kuka ci a kwano ɗaya suka daina amsa maka sallama. Da na je Gidimuni wurin ƴaƴan Dije, ƙaraminsu ya ce da na bar musu uwarsu ta kwanta. Hukuma ba ta sake buɗe komai ba, Mamadu ya mutu da girmansa, an cika titi a jana'izarsa. Babanku ya yi kusan shekara yana cin abincina ba ya ɗaga kai. Na san abin da na jawo muku, kuma ban taɓa cewa ƙarami ba ne. Amma kada wanda ya sake ce min ni na raba dangi. Maza biyar ne suka zauna a zaure suka yanke cewa ɗansu ya fi ɗan wani, ni dai hannuna na je na karɓo. In kana neman wanda za ka yi fushi da shi, Abba, ni ma ina da fushin, shekara da shekaru ina roƙon Allah ya sanyaya min shi bai gama sanyi ba. Zo mu raba, amma ka juya shi inda ya dace.

Kun sha tambayata me ya sa ban tsaya ga taron Hamdara ba, me ya sa na ƙara kwana uku a can, na kuma yi ta bin wurare ina maimaitawa har aka fara cewa na zautu. Ga dalilin. Da taron ya watse ranar Juma'ar nan, na mai da butar masallaci, na zauna a gindin katanga ina ganin na sauke kayana. Sai wata ƴar yarinya ta zo ta tsaya a gabana, ba za ta wuce shekara bakwai ba, da ɗan allon lakwal a hammata da alli a goshi. Jikar Malam Isufu ce. Ta daɗe tana kallona, ni da butar da ke can bakin masallaci. Na ce ƴan mata, yaya aka yi? Ta ce:

"Ke ce kika ce Kakana bai taka tsohuwa ba?"

Na ce ni ce.

"To ranar Litinin ki zo lakwal ɗinmu ki faɗa. Ƴan ajinmu ba su ji ba. Ki taho da butar."